Fatsa a dam ɗin Tiga a farkon damina: ina ragon ruwa da giwan ruwa suke tsayawa?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu uku ne daga cikin gari muke shirin zuwa Tiga fatsa tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, za mu ɗauki hayar kwale-kwale da mai tuƙi. Ragon ruwa muke nema, in an dace har da giwan ruwa. Kayanmu sandar fatsa mai naɗe zare, zare mai kaurin milimita 0.30, ƙugiyoyi, da 'yan kifayen roba masu kan dalma irin waɗanda ake kama kifin walleye da su a tafkin Erie na Amurka, kamar yadda muke gani a YouTube. Wane ɓangare na dam ɗin ya kamata mu nufa, zurfin nawa, wane ƙoto, kuma wane lokaci? Dabarar mutanen can za ta ci a nan?

Na Rurum:

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara sanin halin da ruwan yake ciki kafin ka yi maganar ƙugiya. Tiga ba kududdufi ba ne. An gama gina shi a 1974, aikin da aka fara zamanin Audu Bako, kuma in ya cika yakan shimfiɗu kusan murabba'in kilomita 178. Amma a watan da ka ambata ruwan yana ƙarshen janyewarsa, domin tun bayan kaka ake sakinsa zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, ga rana tana shan nata. Inda ka ga ruwa a watan Oktoba, yanzu taɓo ne ko fili shanu na kiwo.

Kada ku nufi tsakiya, kada kuma ku je gindin bango don an ce can ne zurfi. Zafin bazara yana raba ruwa gida biyu: na sama mai ɗumi da iska ke kaɗawa, na ƙasa kuma a kwance, ruɓaɓɓen ganye da taɓo sun cinye iskar da kifi ke shaƙa. Ka saukar da ƙaramin kifi mai rai can ƙasa, in ka jawo shi za ka same shi a mace, wani lokaci ma dalmar ta taso da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ji wannan warin, ka ɗaga, ba kowa a wurin.

Ku nufi bakin rafuka, musamman ta kudu inda Kogin Kano yake shigowa daga wajen dajin Falgore. Can ake riga birni samun ruwan sama, saboda haka sabon ruwa yakan fara shigowa tun nan cikin gari ana kallon hadari. Sabon ruwan nan ja ne, da sanyi-sanyi, ɗauke da tana, shinge da ƙananan kwaɗi. Ƙawara da 'ya'yan karfasa su taru, manya su biyo su. Tarwaɗa kuwa lokacin hawanta ke nan, tana kutsawa cikin ciyawar da ruwa ya fara rufewa don zuba ƙwai.

Zurfin da za ku nema shi ne daga gaba guda da rabi zuwa gaba uku, wato kamar mita 3 zuwa 5. Abin da ya fi zurfin muhimmanci shi ne gangare. Ƙarƙashin ruwan dam ɗin tsohuwar hanyar kogi tana nan, kuma ragon ruwa a gefenta yake kwanciya da rana, da almuru ya hau tudu neman abinci. Ga yadda ake gano ta ba tare da na'ura ba: ɗaura dutse a igiya, yi ƙulli a kowace gaba, mai tuƙi ya riƙa tafiya a hankali daga bakin ruwa zuwa ciki kana aunawa. Inda igiya ta tashi daga gaba biyu ta faɗa gaba huɗu a ɗan taƙi, nan ne. Jefa gora ko jarka da nauyi a ƙasa ta zama alama, ku koma sama da ita ta inda iska ke zuwa.

Lokaci: daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa duhu. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi ya fi ranar ruwan kanta, don a ranar rafi yana tafe da itace da shara, zare ba ya zama.

Mai Ƙugiya:

Na Rurum ya gama maganar wuri, bari in taɓa kaya. Zaren 0.30 na karfasa ne da ƙurungu. Ƙasan irin wannan ruwa cike yake da kututture da duwatsu, gogawa ɗaya zai tsinke. Don ragon ruwa ka sa 0.45 ko 0.50. In da gaske giwan ruwa kake so, 0.60 a sanda, sannan ka ƙara guntun zare mai 0.80 kamar kamu biyu a gaban ƙugiya, saboda murfin kuncinsa yana da kaifi, in ya yi tsalle ya girgiza kai nan yake yanke zare.

Haɗin ƙasa kuwa haka yake. Zura dalma mai huda a babban zare ta yadda za ta riƙa zamewa, giram 30 in ruwa a kwance yake, 50 zuwa 60 in akwai gudu. Bayanta ka sa ɗan dutsen ado ko guntun roba don kada ta riƙa dukan ƙulli, sai ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ke hana zare murɗewa, sai zaren ƙugiya tsawon santimita 50 zuwa 70. Amfanin dalma mai zamewa shi ne ragon ruwa yakan ɗauki ƙoto ya ɗan ja kafin ya haɗiye. In ya ji nauyi zai tofar. Kana jin taɓawar farko kada ka fizga. Sassauta, bari zare ya miƙe ya fara tafiya, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya. Masu fizga da wuri su ne ke dawowa da rabin kifin ƙoto.

A wurin kututture, cire dalmar daga babban zare ka rataye ta da siririn zare na 0.25. In ta maƙale ita kaɗai za ta tafi, ƙugiya da kifi su tsira. Wasu ma tsohon fulogin babur suke ɗaurawa a madadinta, ba asara.

Girman ƙugiya kada ka dogara da lamba kawai, kowane kamfani da lissafinsa. Ka duba faɗin bakinta: kamar faɗin ɗan yatsa don ragon ruwa, kamar babban yatsa don giwan ruwa. Gwada tsininta a farce, in ta zame ba ta kama ba, ka wasa ko ka yar. Kuma ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi, busasshen ƙulli yana ƙona zaren roba ya raunana shi.

Ƙoto: tana manya biyu ko uku a ƙugiya ɗaya, a bar wutsiya tana motsi, hanjin kaza don tarwaɗa, amma ba abin da ya kai ƙawara ko ɗan karfasa mai rai, tsawon santimita 8 zuwa 12. A soka ƙugiya a bayansa, gaban ƙayar baya, kada a taɓa ƙashi. Ku saye su wurin masu birgi, wato ragar jifa, da sassafe, ku zuba a bokiti mai murfi, kada su wuce goma sha biyar a bokitin lita 20, ku riƙa sauya ruwan kowane rabin awa. Ƙawara ba ta da juriya, karfasa ta fi ta daɗewa.

Malamin Kifi:

Game da walleye da ka tambaya: lissafinsu daban ne. Can farkon kakar kamu yana zuwa ne bayan ƙanƙara ta narke, kifin yana zuba ƙwai kan tsakuwa da duwatsu lokacin da ruwa yake wajen digiri 6 zuwa 10, jikinsa a sanyaye, shi ya sa suke jan ƙoto a hankali ƙwarai a ƙasa. Namu ruwan a Mayu ya haura digiri 25, kifi ba kasala yake ji ba, iska da abinci yake bi. Abin da ke tayar da shi a nan sabon ruwa ne, ba ɗumi ba.

Inda suka yi kama shi ne ido. Walleye da giwan ruwa duka suna da wani shimfiɗi a bayan ido mai mayar da haske, shi ya sa idonsu ke ƙyalli in an haska, kuma suka fi farauta da asuba, da almuru, da ranar lumshi. To a nan ne zan ɗan saɓa wa Na Rurum. Cikin jan ruwan sosai na tarwaɗa ne da ragon ruwa, masu gashin baki da ke neman abinci da sansane. Giwan ruwa da ido yake kamu, kuma ba ya jure ruwan da iska ta yi ƙaranci. Shi ka neme shi a iyakar da jan ruwa ya haɗu da mai haske, za ka ga layin ƙuru-ƙuru a saman ruwa, ko kuma wajen duwatsun da iska ke buga wa igiyar ruwa. Kifayen robanka a nan za su yi aiki: fari ko ruwan ɗorawa, kan dalma giram 14 zuwa 21, a jefa cikin mai hasken a jawo ta gefen layin, ana ɗagawa ana saki. Yawancin cizo lokacin da robar ke faɗuwa yake zuwa, don haka kada zare ya yi sako-sako.

Dabara ɗaya tasu da ta dace da mu ita ce barin iska ta tura jirgi a kan gangare maimakon a tsaya wuri guda. In iska ta yi yawa, ɗaura bokiti a igiya mai gaba biyu ka sake shi a ruwa ta gefen da iska ke zuwa, zai rage gudun. Alamar gudu ya yi daidai ita ce kana jin dalma tana taɓa ƙasa jefi-jefi.

Mai Ƙugiya, soka a baya daidai ne in jirgi a tsaye yake. In ana tafiya da iska, a leɓe ake sokawa, daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba kifin zai riƙa juyawa a kaikaice ya mutu da wuri.

Mai Ƙugiya:

Haka ne Malam, na yarda. Sai dai leɓen ƙawara taushi gare shi, jifa ɗaya mai ƙarfi ta fice. Ita a saukar da ita a hankali gefen jirgi, a saki zare.

Baba Masunci:

Yara, duk kun yi maganar kifi, ba wanda ya yi maganar hadari. Iskar yau da kullum a wannan lokaci daga kudu maso yamma take, amma hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, galibi da yamma, kuma iska da ƙura ke riga ruwan isowa. Wato daidai lokacin da aka ce muku kifi na ci. Kuna ganin gabas ta haɗe, ko iska ta ɗauke ɗif bayan zafi, ku naɗe ku nufi gaɓa mafi kusa, ba lallai inda kuka taso ba. Sandar fatsa a kwantar da ita in ana walƙiya. Kowa da rigar kariya mai hana nutsewa a jikinsa, ba a ƙarƙashin mazauni ba. Mutum uku da mai tuƙi da kaya, ku duba jirgin da kyau. In tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai taƙi ba, ku ɗauki jirgi biyu. Hatsarin kwale-kwalen da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 lodi ne ya jawo shi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kuna isa ku fara gaida sarkin ruwan wurin, ku faɗi inda za ku da lokacin dawowa. Shi zai haɗa ku da mai tuƙin da ya san inda masunta suka shimfiɗa kalli da mamari, wato raga da doguwar igiya mai ƙugiyoyi, don in kuka bi ta kansu da ƙugiya kun ɓata wa mutum abincinsa, ku ma kun rasa kayanku. In wani ya kawo muku shawarar zuba magani a ruwa ko jona wuta, ku rabu da shi, dokar kamun kifi ta 1992 ta hana. Tarwaɗar da kuka ga cikinta ya cika da ƙwai, ku ɗauki ta miya ku saki saura.

Ragon ruwa da ƙurungu ƙaya uku gare su, ɗaya a baya biyu a gefe. A riƙe ta bayan na gefen, a cire ƙugiya da filaya. Kada ku yi ta tsayuwa cikin ruwan gefe mai ciyawa ba takalmin roba, nan ake ɗaukar tsargiya.

Ɗan Gwale:

Allah ya saka da alheri, Baba, da sauran malamai. Saura ɗaya: kifin asuba zai kai mu Kano da yamma bai lalace ba?

Na Rurum:

Ba ƙanƙara ba zai kai ba, a zafin nan awa kaɗan ya isa ciki ya fara wari. Ku taho da ƙanƙara daga gari a kula, nauyinta ya kai nauyin kifin da kuke sa rai. Ana kamawa a yanka maƙogwaro jini ya fita, a cire hanji da kunci, a wanke, a jera ƙanƙara ƙasa, kifi, ƙanƙara sama, a riƙa tsiyaye ruwan da ya narke. Tarwaɗa kam ku bar ta da rai a jarkar da aka yanke wa sama, da ruwa kaɗan da ya rufe bayanta, a inuwa, za ta iso gida tana motsi.