Aikin Ikoyi ko shago a Agege? Ina neman shawara

Abu Hanif: Salam jama'a. Shekara 7 kenan ina tuƙa wani oga a Ikoyi, gida kuma Agege. Ƙarfe 4:30 nake fita, asuba a hanya nake yi, kafin in dawo goma ta wuce yara sun yi barci. Ran Lahadi ƙaramar tawa ta gan ni da rana sai ta ɓuya bayan uwarta kamar baƙo ne ya shigo, wallahi abin ya tsaya min a rai. Yanzu yayana yana so in riƙe masa shagon hatsi, tafiyar minti goma a ƙafa, amma samun zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba maganar komawa Arewa nake ba. Wanda ya taɓa rage gudu haka da iyali a wuyansa ya faɗa min yadda ta kaya.

Ɗan Zango: Malam tattara ka koma gida kawai, Ikko ba wajen zama ba ce.

Bakatsine: Kai ka karanta kuwa? Ya ce ba komawa ba.

Maman Sadik: Maigidana ya yi haka, ya bar aiki a Apapa ya dawo sayar da kayan gwari a Mile 12 mu kuma muna Ketu. Kuɗi sun ragu ba ƙarya, nama ma sai Juma'a, amma abin da yake kashewa a mota da abincin titi ya dawo cikin tukunya. Shi ke kai yara islamiyya yanzu, a faranti ɗaya muke cin tuwon dare, har ya gano babban ba ya ganin allo sosai aka yi masa tabarau, abin da shekara biyu ba wanda ya lura. Rage gudu ba lalaci ba ne ɗan uwa, mutum ne zai ci abinci a zaune ya ji ɗanɗanonsa.

Sarkin Raha: Wai rayuwa a hankali ake nema a Legas? Ku hau gadar Third Mainland ƙarfe shida na yamma, gosulo zai ba ku ita kyauta har da ƙari 😂

Tsohon Ɗan Acaɓa: Hajiya kin ci sa'a ne. Ni dole ta sa na rage gudu, da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa a watan Yunin 2022 aka kama mashin ɗina, na ce to Allah ya sa haka ya fi alheri, na zauna shagon ɗan baffana a Idi-Araba. Watannin farko daɗi, salla biyar a jam'i, barcin rana, har na yi ƙiba. Ba rubutu ba shaida, wai ai ɗan uwa ne. Da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka tashi ciniki ya faɗi sai ya fara cewa lissafi ba ya cika, ƙarshe ya kawo ƙanin matarsa ya zaunar, ni ko sallama ta kirki babu. Wata huɗu ina zaune a ɗaki, yaran da nake murnar gani su ne nake jin kunyar haɗa ido da su saboda kuɗin makaranta, matata ta tafi gidansu a Funtuwa har yau maganar ba ta gama gyaruwa ba. Kwanciyar hankali da aljihu ake yin ta.

Bakatsine: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri. To mashin ɗin fa?

Tsohon Ɗan Acaɓa: Wane mashin, ko ƙarfensa ban ƙara gani ba.

Ɗan Boko: A Turai ma akwai masu wannan ra'ayin na rage gudu, daga Italiya ya faro a 1986 lokacin da aka yi zanga-zangar adawa da buɗe gidan abincin McDonald's a birnin Rum, suka ce a koma girkin gida a ci a natse, daga abinci abin ya bazu zuwa aiki da tarbiyya. Abu Hanif ka lissafa awannin hanya, in awa biyar ne kullum a kwana shida awa 30 kenan a sati da ba wanda ke biyanka.

Alhaji Mai Goro: Yaro kana da mata? Gwauro ba ya ba mai iyali shawara. Shekarata 31 a garin nan.

Ɗan Boko: Baba lissafi ai ba ruwansa da aure.

Ɗan Zango: Kuɗin mota kaɗai Agege zuwa Obalende da dawowa 5,000 ne yanzu.

Bakatsine: Haba, 3,000 nake kashewa in na haɗa da bas ɗin BRT.

Ɗan Zango: Ranar da aka yi ruwa ka gwada mu gani.

Sarkin Raha: Ya hau jirgin ƙasa mana, ga tasha nan a Agege har Oyingbo.

Maman Sadik: Daga Oyingbo kai za ka goya shi zuwa Ikoyi?

Alhaji Mai Goro: Duk ba wannan ba, haya ce ke hana mutum zama. Ɗaki ɗaya a Agege mai gida ya tashi daga 250,000 zuwa 400,000 dare ɗaya, da samun shago zai biya?

Bakatsine: A Dopemu 300,000 na kama, amma ejan ya karɓi nasa, ga kuɗin agirimen ga na diyyar ɓarna tun ban ɓata komai ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ejan ɗin da ya karɓi kuɗin duba ɗaki a hannuna sau uku, ɗakin ashe da mutane a ciki.

Abu Hanif: Na gode jama'a. Amma Maman Sadik, wata nawa kuka ɗauka kafin abubuwa su daidaita? Yaya na jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Ɗan Zango: Bakatsine wane layi ne a Dopemu ɗin, akwai ruwa a gidan?