Ɗana ya daina taɓa kayan gyaran da yake so, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin iyaye da malamai.

Ɗana shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare a Kano. Tun yana ɗan shekara 11 ba ya ganin rediyo ko tocila ta lalace ya ƙyale ta. Na tuna ranar da ya ciro ɗan motan da ke juya kaset daga tsohuwar rediyon kakarsa, ya haɗa da batir biyu da murfin robar fenti, ya yi mana fanka. Ranar har maƙwabta sai da suka shigo kallo. Daga baya ƙanena ya riƙa tafiya da shi kasuwar waya ta Farm Centre duk Asabar yana koyon gyaran waya, har ya iya canza sikirin shi kaɗai.

Yanzu wata bakwai ke nan bai taɓa kayan ba. Akwatin da yake ajiye ƙananan sukurdireba da dalma yana ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe shi. Idan ya dawo daga lesin na WAEC da JAMB sai ya kwanta da waya yana kallon TikTok. Na yi masa faɗa, ya ce: "Baba, na gaji ne kawai." Wallahi ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba.

Shin in rage masa lesin ɗin ranar Asabar ya koma kasuwa? Ko in nema masa makarantar fasaha ya zana jarrabawar fasaha ta NABTEB? Wanda ɗansa ya taɓa sanyi haka kuma ya dawo, don Allah yaya kuka yi?