Ƙaiƙayin gaba da ya daina jin magani: abin da matan Jos suka gani

Mai tambaya, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Na daɗe ina fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai guda-guda kamar dagargajajjiyar awara. A da idan na sha fluconazole daga kemis yakan lafa, amma yanzu ko gezau ba ya yi. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta faɗa mana yadda ta yi.

Daga Rikkos: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Nawa haka ya yi ta dawowa har likitar mata ta sa aka ɗebi ruwan aka kai ɗakin gwaji, ta kuma nemi a tantance ainihin irin ƙwayar, domin rubuta "Candida" (ƙwayar fungus mai haddasa irin wannan ƙaiƙayi) kawai a takarda bai wadatar ba. Sakamako ya nuna Candida glabrata ce, wadda fluconazole bai cika yi mata tasiri ba, saɓanin Candida albicans da ta fi yawa. An rubuta mini matsin boric acid mai miligiram 600, tare da kashedin cewa guba ne idan aka haɗiye shi, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi. A saman wardirob nake ɓoye shi saboda yara.

Daga Bukuru: Yaya, ni nawa daban ne, ko da yake mutane duk "sanyi" suke kiransu. Ruwan tsinkakke ne, ruwan toka, da ƙarnin kifi da ke ƙaruwa bayan kwanciyar aure. Bakteriya ce ta yi yawa, aka ba ni metronidazole na kwana 7. Likita ta bayyana mini cewa akwai ƙwayoyin lactobacillus masu tsare gaban mace, kuma cusa sabulu ko ruwan bagaruwa, da matse-matsen kayan mata, suna raunana su. Tun daga lokacin ruwa zalla nake tsarki da shi, daga waje kawai.

Daga Gangare: 'Yar'uwa, ki auna sukarinki. A wajen bin sawun wannan ƙaiƙayi aka gano nawa ya hau, kuma sai da aka daidaita shi, aka ɗora ni a kan fluconazole sau ɗaya a mako har wata 6, sannan na samu sauƙi, alhamdulillahi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya ta Rikkos, an haɗa da maigida a maganin?

Daga Rikkos: Ba a haɗa da shi ba. Likita ta ce a irin ciwona ba a ba miji magani sai idan shi ma yana jin ƙaiƙayi ko ya ga ja a jikinsa.