Gwajin fayif ɗin ban-ɗaki da matoshin roba mai kumbura: wanne zan saya, yaya ake yi?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum, masana aikin famfo. Ina kula da ginin yayana a Agege, bene mai hawa ɗaya, ban-ɗaki uku a sama, biyu a ƙasa. Fulamba ya gama haɗa fayif ɗin roba mai inci 4 na masai da mai inci 2 na ruwan wanka, ya kai su cemba uku, wato ƙananan ramuka masu murfi inda fayif ke haɗuwa, da ke ta bayan ginin, daga nan sai sokawe. Mai tayil yana ta matsa mana a cike ƙasa ya fara aiki. Injiniyan da ya zo dubawa ya ce kada a zuba yashi ko kankare sai an toshe layin da matoshin roba mai kumbura, an cika shi da ruwa an gani. Shi kuwa fulamba cewa yake a kwarara bokiti biyu daga sama, in ruwa ya fito a cemba magana ta ƙare. Wa ke da gaskiya? In gwajin dole ne, wane irin matoshi zan saya, guda nawa, ruwan ya kai ina, kuma minti nawa za a jira?

Fulamban Idi-Araba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Injiniya ne ke da gaskiya. Bokiti biyu suna nuna maka cewa hanya a buɗe take, ba su nuna ko mahaɗa ta kama. Ruwan da aka kwarara yana bin ƙasan fayif ne kawai, bai taɓa saman mahaɗar ba. In gam bai zagaye ta sama ba, ba za ka sani ba sai ranar da layin ya toshe ya cika, sannan danshi ya fito a silin ɗin ƙasa ko wari ya riƙa tasowa ta ƙarƙashin tayil.

Matoshin da za ka fi buƙata shi ne mai noti. Faranti biyu ne na ƙarfe, da zoben roba mai kauri a tsakaninsu, da sanda mai zare a tsakiya, da noti mai kunne biyu da ake murzawa da hannu. Kana ɗaurewa farantan suna matse robar, ita kuma tana buɗewa ta gefe har ta kama bangon fayif. Ka zaɓi wanda sandarsa ke da rami a ciki da ɗan murfi a baki. Ramin nan ta shi ake fitar da iska yayin cikawa, ta shi ake sauke ruwa bayan an gama.

Yawansu kuwa, ƙirga bakunan da ke buɗe a layin da za ka gwada lokaci guda: bakin masai, na magudanar ƙasa, na wurin wanke hannu, da bakin da ya faɗa cemba. Ba sai ka saya wa gida duka ba, tunda layi-layi ake bi. A gini irin naku, uku ko huɗu na inci 4 da shida na inci 2 za su yi zagaye.

Kafin a sa matoshi, a bar gam ɗin mahaɗai ya yi awa 24. A goge cikin bakin fayif da tsumma mai laima har hannu ya daina jin yashi ko ɓurɓushin siminti, a kankare gashin da zarto ya bari a gefen yanka. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin roba ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Kada a shafa giris, baƙin mai ko sabulu wai don ya shige da sauƙi: mai yana cin roba, sabulu kuma santsi yake sawa matoshin ya sulluɓe. Ruwa zalla ya isa. A tura shi cikin miƙaƙƙen fayif, robar ta shige gaba ɗaya ta wuce baki da kamar santimita 2 ko 3, ya zauna daidai ba a karkace ba. Kada ya zauna a cikin gwiwa (inda fayif ya karya kwana), ko bakin ti (mahaɗa mai siffar harafin T), ko kan gaɓar soket (faffaɗan bakin da wani fayif ke shigewa ciki), domin wurin ba mulmulalle ba ne. Murza da hannu har ya yi tsauri, ka ja shi ka ji bai motsa ba. In ka ɗauko sufana kana ƙara masa, fayif mara kauri zai tsage a tsaye, tsagar da ido ba ya gani sai ruwa ya hau.

Daga nan sai cikawa. Toshe ƙarshen layi a cemba, ka kafa fayif a tsaye a bakin da ya fi tudu, ka zuba ruwa a hankali da tiyo. Kowane matoshin reshe a buɗe ɗan murfinsa har iska ta gama fita ruwa ya ɓullo, sannan a rufe. Ka shirya ruwa isasshe: mita ɗaya ta fayif mai inci 4 tana shan kusan lita 8, ta mai inci 6 kusan lita 18.

Injiniya Ikeja

Maigida na Idi-Araba ya yi bayani mai kyau. Bari in ƙara da lissafi, don a nan ne ake jin rauni.

Ƙa'idar aikin famfo da aka fi bi a Amurka ta ce ruwa ya tsaya aƙalla ƙafa 10, wato mita 3, sama da sashen da ake gwadawa, na tsawon minti 15, ba tare da ya sauka ba. Ta Ingila, game da layin da ke cikin ƙasa, ta ce tsayin ruwa kada ya gaza mita 1 a kan wuri mafi tudu, kada ya wuce mita 5 a wuri mafi gangare. A bar shi kamar awa ɗaya ya zauna, sannan a auna minti 30 ana ƙara ruwa ana rubuta abin da aka ƙara. Abin da aka yarda ya ragu shi ne lita 0.15 ga kowace murabba'in mita ta cikin fayif. A fayif mai inci 4 mai tsawon mita 10, wannan kusan rabin lita ne. Amma wannan rangwame na layin waje ne. Abin da ke cikin dekin ko ƙarƙashin tayil, ni a ganina ko ɗigo ɗaya ba a yafewa.

Yanzu nauyin da ke kan matoshi. Ruwa mai tsayin mita 3 yana tura matoshin inci 4 da ƙarfin da ya kai kilo 25, na inci 6 kuma fiye da kilo 50. In ka cika fayif ɗin da ya sauko daga rufin bene, mita 7 ko 8, matoshin inci 4 da ke ƙasa yana ɗauke da kilo 60 ko fiye, kuma abin da ke riƙe shi shi ne kamun roba a jikin fayif mai santsi. Don haka, na farko, a raba gwajin hawa-hawa, a toshe ta ƙofar duba fayif da ke gindin kowane hawa. In fulamba bai bar wannan ƙofa ba, yanzu ne lokacin sa ta, za ta yi amfani ranar da layi ya toshe. Na biyu, matoshin da ke cemba a tokare shi da guntun katako mai inci 2 da 4 zuwa bangon da ke fuskantarsa. Kada kowa ya leƙa da fuskarsa a saitin matoshi muddin akwai ruwa a bayansa.

A yi gwajin rami yana buɗe, mahaɗai duka a fili. A ɗan danne tsakiyar kowane fayif da yashi don kada ya motsa, a bar mahaɗai. Bayan an cike rami an daddaɓe, a sake gwadawa sau ɗaya, saboda daddaɓa ƙasa da wucewar baro suna iya raba mahaɗar da ta ci gwajin farko.

Mai Kayan Famfo Orile

Alhaji, in za ka shigo kasuwar Odunade da ke Coker, ka taho da guntun fayif ɗin da kuka yi aiki da shi. Inci 4 duk sunansa inci 4, faɗin waje milimita 110, amma kaurin bango ya bambanta tsakanin mara nauyi da mai nauyi, don haka ramin ciki ba ɗaya ba ne. Gwada matoshin a shago: ya shiga ba da ƙarfi ba, ya kama kafin noti ya kai ƙarshen zare. In sai zare ya kusa ƙarewa yake kamawa, ya yi kaɗan. Lanƙwasa robar da yatsa ka duba, in ƙananan tsagu sun bayyana ko ta yi tauri, ta daɗe a ajiye. Zaren tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi, domin iskar Legas mai gishiri tana kama zaren baƙin ƙarfe cikin damina ɗaya.

Akwai kuma na hurawa, jakar roba mai dogon tiyo da ake bugawa da famfon keke. Ita ce maganin wurin da hannu ba ya kai wa noti, ko fayif ɗin da rana ta ɗan lotsa. Dole a yi amfani da famfo mai geji, wato ma'aunin matsin iska, a tsaya a matsin da aka rubuta a jikinta. Ta shige ciki gaba ɗaya, ta wuce baki da tsawon faɗin fayif ɗin. In rabinta na waje, wannan rabin ne zai kumbura ya fashe.

Ɗan Agege

Allah Ya saka da alheri. Mun yi yadda kuka ce a layin waje, mita 12, da fayif mai inci 4 a tsaye. Ruwa ya sauka santimita 20 cikin minti 30. Fulamba ya ce fayif ne ke shan ruwa. Wani kuma ya ce mu bar ruwa mu yi da iska, ya fi sauri.

Injiniya Ikeja

Fayif ɗin roba ba ya shan ruwa, Malam. Fayif ɗin kankare ko na yumɓu ne ke sha. A fayif mai inci 4, duk santimita 12 lita ɗaya ce, ke nan kun rasa kusan lita 1.7, alhali abin da aka yarda wa mita 12 bai kai lita 0.6 ba. Layin bai ci gwaji ba.

Maganar iska kuma a yi hattara. Kada wanda ya jona kwamfaresa, wato injin matsa iska, a fayif ɗin roba. Iskar da aka matse tana ajiye ƙarfi, in fayif ya fashe tarwatsewa yake yi, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta hana gwada fayif ɗin roba da iska. Gwajin iska na Ingila wani abu ne daban, matsinsa kaɗan ne ƙwarai. Ana ɗaura farin tiyon lebur a jikin allo kamar harafin U, a zuba masa ruwa rabi, a jona shi da ramin matoshi, a hura da ƙaramin famfon hannu har bambancin ruwa ya kai milimita 110. A jira minti 5, a daidaita shi a 100, kada ya sauka fiye da 25 cikin minti 7. Ga fayif ɗin cikin gida milimita 38 ne na minti 3. Matsalarsa a nan ita ce zafi: canjin digiri ɗaya kacal yana motsa ruwan tiyo da fiye da santimita 3. Gajimare ya rufe rana, lafiyayyen layi sai ya faɗi. Rana ta buɗe, mai yoyo sai ya ci. In za a yi, a yi da sassafe. Inda yake da amfani sosai shi ne wuraren da ruwa ke kwance a rami, irin su Lekki da Aja, inda ba a iya ganin jiƙa a mahaɗa. A Agege da ƙasa ke bushe, ku tsaya kan ruwa.

Fulamban Idi-Araba

Kafin ku zargi mahaɗa, ku wanke matoshi daga zargi, don sau da yawa shi ne mai laifi. Busar da cemba tas, ka shimfiɗa busasshiyar takardar buhun siminti a ƙarƙashin matoshin, ka dawo bayan minti 10. In ta jiƙe, duba wuri biyu: gefen roba, da ɗan murfin tsakiya, wanda in babu ɗan zoben roba a cikinsa ɗiga yake yi. Sauke ruwa, goge, juya matoshin, sake ɗaurewa.

In takarda a bushe take, sake cikawa zuwa inda ruwan ya tsaya da farko ka sake aunawa. Saukar da iska ke jawowa tana raguwa a zagaye na biyu har ta tsaya, wani lokaci ka ji ɓulɓul. Yoyo kuwa iri ɗaya yake sauka kowane zagaye. Iska tana maƙalewa ne inda fayif ya yi doro, kuma wannan ma aibi ne a gyara: inci 4 ya riƙa gangara kamar santimita 2.5 a kowace mita, ba hawa da sauka.

In yoyo ne, bi kowace mahaɗa da busasshen hannu ta ƙasanta. Ba ka gani ba, raba layin biyu daga cembar tsakiya, gwada kowane rabi. Kuma ka mayar da fayif ɗin tsaye ya zama mai inci 2: a cikinsa lita ɗaya tana saukar da ruwa fiye da rabin mita, ƙaramin yoyo ma zai nuna kansa da wuri. Abubuwan da aka fi samu su ne fayif bai shige soket har ƙarshe ba, ko an shafa gam a gefe ɗaya, ko an gasa bakin fayif da wuta an buɗa shi a maimakon sayen soket. Wannan na ƙarshen ya yi yawa a gine-ginen garin nan. Shafa gam ta waje ko lafta siminti ba gyara ba ne. A yanke mahaɗar, a sa sabon guntu da soket biyu, a jira awa 24, a sake gwaji.

Wajen kwancewa, buɗe ɗan murfin tsakiya ruwa ya tsiyaye tukuna, sannan a cire katako, sannan noti. Kowane matoshi a ɗaure masa igiya a wani abu a waje, don in ya kuɓuce ya shige layin sokawe sai an fasa. Rubuta adadin da ka sa a jikin bango, ka ƙirga su bayan an cire. In kuma an riga an jona cembar da sokawen da ake amfani da shi, a buɗe murfi ta sha iska sosai, a yi aikin daga sama, kada yaro ya shiga ciki.