Neman shawara: ina so in ƙara wa motata Hilux tsayi saboda hanyar gona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Jos, ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai jan ƙafa huɗu, kuma da ita nake ɗauko dankalin turawa daga ƙauyukan Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Idan damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta, manyan motoci kan ƙwaƙule hanya su bar tudu a tsakiya, sai in ji cikin motar yana gurzar ƙasa, har sau biyu muka yi tono da shebur kafin ta fita. Wani mai kayan gyara ya ce in sa zoben ƙarfe a saman shokozoba, wani kuma ya ce in canza sifirin da shokozoba gaba ɗaya a ɗaga ta inci 4. Da motar nan nake ciyar da iyali, shi ya sa nake neman shawararku tun kuɗi bai fita daga hannuna ba.

Baban Hafsat, bakanike a Bukuru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi komai, a sauke kaya, a tsayar da motar a wuri mai daidai, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi. Motar da ta haura shekara 10 tana dakon buhuna, da wuya a ce sifirin ɗinta na baya bai saki ba, wato ta riga ta zauna ƙasa da yadda kamfani ya ƙera ta. Zoben nan ba zai warkar da wannan ba, domin yana ɗaga bodi ne a kan sifirin da ya gaji, kuma da zarar an yi lodi bayan zai sake durƙusawa. Ni dai shawarata ita ce cikakken saiti na inci 2, wato milimita 50, kada a wuce haka. Ƙafafun gaban Hilux kowace da shaf ɗinta, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, kuma idan aka ɗaga ta inci 3 ko 4 shaf ɗin zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga, bol join ma ya mutu da wuri. Na sha kwance irin wannan aikin a garejina, kuma raina yana ɓaci idan na ga kuɗin da mutum ya zubar.

Injiniya, daga Rayfield:
Gaskiya Oga ya faɗa, sai dai akwai abin da ya kamata Alhaji ya tantance tukuna: wane ɓangare ne yake taɓa ƙasa? Idan tsakiyar motar ne, ƙarin tsayi zai taimaka. Idan kuwa tulun aksul na baya ne, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, ko an ɗaga bodi har sama yana nan inda yake, domin taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tashi daga taya mai lamba 265/65R17 zuwa 265/70R17 yana ƙara kimanin milimita 13 a ƙarƙashin aksul, amma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kusan kashi 3 cikin 100. Sannan kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostireliya suna rarraba sifirin ɗinsu ne bisa nauyin da mota ke ɗauka kullum. Ka faɗa wa mai sayarwa ainihin lodinka, domin mai tauri yana riƙe kaya, amma idan ka dawo babu komai a baya za ka ji shi a ƙugunka.

Alhaji Babba, tsohon direba:
Ɗana, ka tuna da Hawan Kibo, gangaren nan mai kwana-kwana a hanyar Jos zuwa Akwanga. Mota mai tsayi ɗauke da kaya ta fi saurin kwantawa a kwana, saboda nauyinta ya koma sama. Bayan an gama aikin a yi alaimen, a duba tiyon birki kada ya zama a ɗame, kuma kada sabon sifirin ya ruɗe ka ka ƙara buhuna, domin birki da aksul ba su canza ba. Allah Ya tsare hanya.

Mai tambaya:
Amin, Baba, na gode muku duka. Yau da safe na shiga ƙarƙashin motar, na ga gurzar tana tsakiya ne, tulun aksul kuwa ko ƙwarzane babu, sannan bayan hagu ya fi na dama zama ƙasa. Na haƙura da inci 4. Oga Baban Hafsat, idan Allah Ya kai mu Asabar zan kawo ta Bukuru mu auna tare, kuma zan taho da lissafin buhunan da nake ɗorawa a kowane sawu.