Shirun makarantun kiɗa na Amurka: har yaushe ake jiran amsa?

Mai_Garaya:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar karatun tsara kiɗa a Amurka. Na tura takardun neman digiri na biyu tun 1 ga Disamba. Makaranta ɗaya ta kira ni intabiyu, sauran kuwa shiru kake ji har tsakiyar Fabrairu. Shin sun ƙi ni ke nan? Ba na son in zauna jiran gawon shanu. Kuma ya dace in tura wa malamin da nake so imel in tambaye shi?

Malam_Solfa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana irin makarantun ba, kuma a nan amsar take.

Makarantun kiɗa zalla, irin su Juilliard da Eastman da Peabody, sau biyu suke tankaɗe. Da farko malaman sashen su zauna da rubutaccen kiɗan da ka tura, galibi guda uku ko huɗu, su bi shi da ido suna sauraren rikodin. Wanda ya tsallake, ana sanar da shi daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu, a kira shi intabiyu a Fabrairu ko farkon Maris. To idan irin waɗannan ne, kuma ranakun intabiyu da suka sa a shafinsu sun zo ba a kira ka ba, gaskiya ka rage sa rai. Amsar ƙarshe ga waɗanda aka gana da su tana fitowa cikin Maris zuwa farkon Afrilu.

Jami'o'in bincike masu ba da digiri na uku (PhD), kamar Princeton da Harvard, tsarinsu daban. Sashen kiɗa ne ke zaɓe, amma ofishin karatun gaba da digiri ne ke fitar da wasiƙar, shi ya sa ake samun jinkiri tsakani. Shirunsu a tsakiyar Fabrairu bai nuna komai ba tukuna.

Abin da ke sa guraben ƙaranci: darasin tsara kiɗa malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya, kowane mako. Sai wani ya kammala ya tashi kafin kujera ta samu. Don haka mai kyan aiki ma yana iya rasawa a shekarar da malamin ya cika.

Yaya_Piyano:
Ƙanena, kafin komai shiga shafinka na kowace makaranta ka duba jerin takardun. Abin da ya fi kayar da mutane ba kiɗan ba ne: wasiƙar shaida ɗaya cikin uku ba ta iso ba, ko sakamakon TOEFL, wato jarrabawar Turanci, bai haɗu da fayil ɗin ba saboda an juya suna da sunan mahaifi, ko fayil ɗin rikodin ya ƙi buɗewa. Fayil ɗin da bai cika ba sau da yawa ba ya ma isa teburin malamai. Ka leƙa akwatin tarkacen imel kuma, gayyata kan faɗa can.

Batun tambayar malami, a'a. Ofishin ɗaukar ɗalibai ake tambaya, layi biyu: ko takarduna sun cika, kuma yaushe ake sa ran amsa.

Intabiyun da ka samu shi ne abin yi yanzu. Za su buɗe kiɗanka su nuna wani wuri a ciki su ce me ya sa ka ba sarewa wannan layin ba goge ba, wa kake saurare, me kake rubutawa yanzu. Wasu har da gwajin kunne da na ka'idar kiɗa.

Malam_Solfa:
Na yarda da Yaya, sai dai akwai lokacin da rubuta wa malami ya halatta: idan an buga wani kiɗanka da makaɗa na gaske bayan ka tura takardu, alhali na kwamfuta ka aika da farko. Wannan sabon abu ne, ba naci ba. Amma ka fara tambayar ofis ko suna karɓar ƙari, don wasu ba sa karɓa.

Kalangu_Biyu:
Ku bar ni in taɓa batun kuɗi. Riƙe 15 ga Afrilu. Akwai yarjejeniyar da jami'o'in Amurka da yawa suka sa wa hannu, cewa ba a tilasta wa ɗalibin gaba da digiri ya karɓi tayin tallafi kafin wannan rana. Idan wata ta ba ka a Maris, ka gode, ka jira sauran. Bayan ranar ne kuma jerin 'yan jiran tsammani ke motsi, don waɗanda suka samu wuri biyu sun saki ɗaya. Idan an sa ka a jerin, amsa nan take cewa kana nan kana so.

Karanta wasiƙar da kyau. Makarantar kiɗa ta Yale da Curtis ba sa karɓar kuɗin karatu, amma da yawa rangwame kawai suke yi, haya da abinci da inshorar lafiya suna wuyanka. Ɗalibin waje ba zai samu takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa don neman bizar karatu, ba sai ya nuna kuɗin shekara guda, kuma ba a neman biza sai da ita. Tambaye su ko akwai aikin taimaka wa malami, kamar koyar da ka'ida ga 'yan aji ɗaya, da yawan awannin a mako. Ka'idojin biza kuma suna yawan sauyawa ga ƙasashenmu, duba na ƙasarku kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi, don galibi ba a mayar da shi.