Wai jirgin feshi aka saya mana da dala miliyan 496?

Ɗan Gusau: Jama'a ni fa abin nan ya ishe ni. Damina uku kenan ban taka gonata ba saboda 'yan bindiga, ni da nake sayar da masara yau ni ke awo a kasuwa, amma a 2018 aka zari dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur aka biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12. Da suka sauka Kano a 2021 na ga hotonsu, wallahi jirgin feshi ne mai farfela a goshi, irin na kashe jan baki. Wai ina amfaninsu?

Baban Khalifa: Feshi?? Malam ka ji tsoron Allah. Da gangan aka yi shi da farfela don ya daɗe yana shawagi a hankali matuƙi ya ga abin da ke ƙasa, kuma ba ya shan mai kamar jet. So kake a kawo mai gudun walƙiya ya bi ɗan babur a dajin Rugu?

Ummu Hanan: gsky siffar ta feshi ce, mu a Haɗejia mun saba ganinsu lokacin shinkafa

Tsohon Kofur: Hajiya kama da wane ai ba wane ba ce. Ƙirar kamfanin Embraer ce na Brazil, a Florida aka haɗa namu, matuƙanmu a jihar Jojiya ta Amurka suka yi horo. Kuma kuɗin ba na jirgi kaɗai ba ne, har da makamai, kayan gyara, horo da aikin da aka yi a sansanin Kainji.

Sarkin Gardama: Au, ashe na Brazil ne? To Amurka dillali ce kenan. Kuma ba farfela ake cewa ba, fanka ce.

Baban Khalifa: Fanka ta silin ɗinku? Je ka tambayi makaniki.

Sarkin Gardama: Kai dai ka faɗi gaskiya, Baba Buhari kake karewa. Sai da aka biya kuɗin sannan aka rubuta wa majalisa wasiƙa, ko ka manta hayaniyar da aka yi lokacin Saraki?

Baban Khalifa: Ku da kuka yi shekara 16 me kuka sayo? Obama ne ya dakatar da cinikin bayan abin da ya faru a Rann a 2017, da Trump ya buɗe ƙofa sai a tsaya jiran masu kan kujera damar ta wuce?

Ummu Hanan: Allah ya ji ƙan mutanen Rann, 'yan gudun hijira ne fa bom ya faɗa wa, ku kuna ta fanka da farfela

Sarkin Gardama: Shi ma wannan Kofur ɗin na soja ne ko na 'yan banga?

Tsohon Kofur: Yaro, lokacin da nake fareti ko yaye ka ba a yi ba.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda ba jirgin feshi ba ne, Baban Khalifa ya kawo hujja masu adawa sun kasa, kuma farfela ake cewa. An rufe.

Ummu Hanan: Admin ni fa ban yarda ba, kar a sa ni cikin kowa